Python 2 Ya Yi Ritaya, Wa Zai Gyara Abin Da Ya Bari A Kwamfutocin Ɗalibai?

Ranar 24 ga Oktoba, 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5.0 ba. Masu irin waɗannan wayoyi suka wayi gari da zaɓi biyu: ko a sabunta tsarin, ko a canza waya. An yi ta ƙorafi, wasu suka ce dabara ce ta tilasta wa talaka sayen sabuwa, daga baya kowa ya nemi mafita, aka wuce wurin.

Irin wannan ta faru da masana kimiyya, sai dai tasu ba ta yi ƙara ba. Ranar 1 ga Janairu, 2020, aka daina kula da Python 2, yaren kwamfutar da manhajojin kallon ƙwayoyin sinadari da dama suka ginu a kansa. WhatsApp ya rufe ƙofa gaba ɗaya, kowa ya san inda ya tsaya. Python 2 kuwa bai daina buɗewa ba. Yana nan kwance a cikin laftof ɗin ɗaliban kemistiri da bayokemistiri da harhaɗa magunguna, ana tura shi daga filashi zuwa filashi, 'yan ajin ƙarshe na bar wa ƙannensu gado.

Masu manhajojin da suka yi watsi da tsohon yaren sun yi daidai. Inda aka yi sake shi ne barin ɗalibi shi kaɗai da tarkacen da sauyin ya bari. Kuma gyaran wannan tarkace aiki ne da matashi mai wayar Android a Yola ta ƙasar Karaye, ko a Zarewa ta ƙasar Rogo, zai iya koya ya kuma ci moriyarsa.

Mece ce manhajar kallon ƙwayoyin sinadari?

Misali mafi kusa da gida shi ne cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. A cikin jini akwai wani furotin mai suna himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. An gina shi da sarƙoƙi huɗu, biyu ana kiran su alfa, biyu beta. Kowace sarƙar beta na da ƙulli 146. A jikin mai sikila, ƙulli na 6 kaɗai ya canza: inda ya kamata a samu sinadarin gulutamik asid, sai aka samu wani mai suna balin. Wannan canji guda ɗaya shi ke sa furotin ɗin su riƙa mannewa da juna idan oksijin ya yi ƙasa, su miƙe kamar zare, su lanƙwasa ƙwayar jini ta koma siffar lauje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta a Najeriya duk shekara, kuma ba ƙasar da ta kai ta yawa.

Ido ba ya ganin furotin, amma masana sun auna siffarsa. Ana ajiye sakamakon a wani rumbu mai suna Protein Data Bank, wanda aka kafa a Amurka a 1971 da siffofi bakwai kacal, ya kuma haura 200,000 a farkon 2023. Kowace siffa na da lambarta. Ta himogulobin ɗin sikila ɗaya daga ciki ita ce 2HBS. Wanda ya buɗe fayil ɗin ba zai ga komai ba sai dubban layukan alƙaluma, kowane layi na faɗin inda atom guda yake. Aikin manhajar kallo shi ne mayar da waɗannan alƙaluma hoto mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda za a juya, a zuƙo, a shafa wa launi.

Huɗu ne suka fi shahara. PyMOL, wadda Warren DeLano ya fitar a shekarar 2000, kamfanin Schrödinger ya ci gaba da kula da ita bayan rasuwarsa a 2009. VMD ta Jami'ar Illinois, tun 1995. Chimera ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. Sai Jmol, wadda ta yi suna wajen nuna siffofi a shafukan intanet.

Me ya haɗa Karaye da Rogo da wannan? Ɗaliban da suka fito daga yankin, in sun samu gurbi, galibi Bayero suke zuwa, ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda sashenta na kemistiri ya yi suna wajen wallafa binciken neman magani ta kwamfuta. Kayan ɗakin gwaji na da tsada, sinadarai da dala ake shigo da su. Laftof ɗaya da manhaja ta kyauta kuwa sun isa a yi abin da za a iya kira gwajin makulli da kwaɗo: a ɗauki furotin ɗin ƙwayar cuta a matsayin kwaɗo, a riƙa zura masa sinadarai ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ya fi zama daram.

Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina na ɗauke da sinadarin pirimetamin. Aikinsa shi ne toshe wani furotin na ƙwayar cutar mai suna DHFR. Idan ƙwayar ta canza wasu ƙulle-ƙulle a furotin ɗin, musamman na 108, makullin ya daina zama yadda ya kamata, maganin ya rage ƙarfi. Da irin waɗannan manhajoji ake ganin yadda hakan ke faruwa. Ashe maganar ta shafi jaririn da ke goye a Yammedi.

Ina yaren kwamfuta ya shigo?

Wanda ke son hoto ɗaya, linzamin kwamfuta ya ishe shi. Wanda ke son gwada sinadarai 500 da aka samo daga sabara da marke da darbejiya a kan furotin uku, latse-latse ba za su kai shi ba. Dole ya rubuta jerin umarni, abin da masu harkar ke kira sikirif, manhajar ta bi su ɗaya bayan ɗaya yayin da yake barci.

A cikin kowace manhaja akwai tafinta da ke karanta wannan jerin umarni. A PyMOL da Chimera, tafintan Python yake ji. A VMD, babban yaren shi ne Tcl, tare da Python a gefe. Layi biyu sun isa a ga ƙullin sikila a PyMOL:

fetch 2hbs
show spheres, resi 6 and chain B

Layin farko ya ce a sauko da siffar daga rumbu, na biyu ya ce a nuna ƙulli na 6 na sarƙar B a matsayin dunƙule-dunƙule. Daga nan ake ɗora madauki da lissafi da adana sakamako, har sikirif ya kai layi ɗari biyar.

Sikirif ya wuce hanyar rage wahala. Shi ne shaidar yadda aka yi binciken. Idan wani a Zariya ya karɓi sikirif ɗin wani na Kano, ya sarrafa shi a kan fayil iri ɗaya, ya kamata amsa ta zo ɗaya. Matsala na farawa ne ranar da aka canza tafinta, tsofaffin wasiƙu kuma na nan da tsohon yare.

Abin da ya faru da tafintan

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991. A Disamba 2008 aka fitar da Python 3, aka kuma faɗa ƙarara cewa ba duk abin da aka rubuta da Python 2 zai yi aiki a kansa ba. An tsara yin ban kwana da tsohon a 2015, jama'a ba su shirya ba, aka ɗaga zuwa 2020. Wato shekara goma sha ɗaya aka bayar na gargaɗi. Sigar ƙarshe, 2.7.18, ta fita a Afrilu 2020.

Daga nan ƙasa ta fara zaizayewa a ƙarƙashinsa. NumPy, tubalin da kusan duk lissafin kimiyya a Python ke hawa kansa, ya daina tallafa wa Python 2 daga siga ta 1.17 a 2019. Manhajar pip da ake girka ƙarin kayan aiki da ita ta bi sahu a Janairu 2021. Apple ya cire shi daga macOS 12.3 a Maris 2022. Debian 12 ya fito a 2023 babu shi.

Kowace manhajar kallo ta bi tata hanyar. PyMOL ta sauya tafinta a cikin gida ɗaya: umarninta na asali na nan kamar da, amma sababbin sigoginta Python 3 kaɗai suke ji, don haka ƙarin kayan da mutane suka rubuta mata da tsohon yare sai an taɓa su. Masu Chimera sun ga gyaran ya fi ƙarfin faci, suka gina sabuwa daga tushe mai suna ChimeraX, wadda sigarta ta 1.0 ta fita a 2020. Tsohuwar na nan a kan Python 2.7, an kuma bayyana cewa an daina bunƙasa ta. AutoDockTools, wadda ɗalibai da yawa ke shirya fayilolin gwajin makulli da kwaɗo da ita, tana zuwa ne ɗauke da nata Python 2 a ciki. Cibiyar Scripps da ta samar da ita ta fitar da AutoDock Vina 1.2 a 2021, da kuma wani sabon kayan shirya fayil mai suna Meeko, dukkansu na tafiya da Python 3.

Labarin Jmol shi ya fi darasi. Da yaren Java take aiki a cikin burauza. Chrome ya rufe wa irin waɗannan ƙofa a Satumba 2015, Firefox a Maris 2017. Kafin hakan, Robert Hanson na kwalejin St. Olaf da abokan aikinsa sun riga sun mayar da ita JavaScript da sunan JSmol, suka kuma bar yaren umarninta yadda yake. Tsofaffin darussan da malamai suka rubuta suka ci gaba da aiki da ɗan gyara, kuma suka fara buɗewa a wayar hannu, abin da ba su yi a da. Sabuntawar da aka shirya mata tun da wuri ta ƙara masu amfana.

Dalilin da ya sa sabuntawar ta zama dole

Na farko, tsaro. Duk ɓarakar da aka gano a Python 2 bayan 2020, masu yaren ba za su toshe ta ba. Laftof ɗin da ake saukar da fayiloli da shi daga intanet, shi ne kuma wanda ake shiga asusun banki da imel da shi.

Na biyu, bayanan kansu sun canza. Tsohon tsarin fayil na PDB ba ya ɗaukar atom fiye da 99,999, ga shi manyan siffofin da ake warwarewa yanzu sun zarce haka nesa. Shi ya sa rumbun ya koma tsarin mmCIF a matsayin na hukuma tun 2014. Lambobin siffofi masu gurbi huɗu irin 2HBS na dab da ƙarewa, an kuma sanar da cewa masu zuwa za su fi tsawo. A 2022 rumbun AlphaFold ya saki hasashen siffar furotin sama da miliyan 200, aikin da ya sa Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kemistiri ta 2024 da David Baker. Kayan aikin da ake rubutawa don cin moriyar wannan duka da Python 3 ake rubuta su. Wanda ya tsaya a tsohon yare ya tsaya a bakin kasuwa.

Na uku ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Python 2 ya ɗauki haruffan Turanci a matsayin asali, sauran kuwa baƙi ne sai an yi musu tanadi na musamman. Ɗalibin da ya sa wa foldarsa suna mai ɗauke da ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ya rubuta wa kansa bayani da Hausa a cikin sikirif, sau da yawa jan rubutun kuskure ke tarbarsa. Python 3 ya karɓi dukkan haruffan duniya a matsayin 'yan gida. Ko don wannan kaɗai, Bahaushe ba shi da dalilin yi wa tsohon yare kuka.

Hujjar masu cewa a bar su da abin da suka sani

Masu riƙe da tsohuwar manhaja ba wawaye ba ne, kuma hujjarsu na da nauyi. Laftof ɗin da ɗalibi ya saya na hannu, mai shekara goma ko fiye, yana buɗe tsohuwar Chimera lafiya lau. ChimeraX kuwa na buƙatar kwamfuta mai tsarin bit 64 da katin hoto da ya kai wani mataki, in babu, ko buɗewa ba za ta yi ba. Sauko da sababbin manhajoji na cin ɗaruruwan megabait, a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wuta kuma sai an kai caji shago. Bidiyoyin koyarwa da suka fi yawo a YouTube da yawansu an ɗauke su ne da tsofaffin sigogi. Malamin da ke duba furojet shi ma da tsohuwar ya koya. Saura wata biyu a miƙa aiki, wa zai ce wa ɗalibi ya saki reshe ya kama ganye?

Akwai kuma hujja ta kimiyya. Binciken da aka wallafa a 2016 da wata siga, wanda ke son tabbatar da shi yana da haƙƙin samun wannan sigar. Wannan gaskiya ne, kuma akwai hanyarsa: a killace tsohon yaren a nasa ɗaki da kayan aiki irin su conda ko Docker, a buɗe shi lokacin da ake son maimaita tsohon aiki, a rufe.

Amma ajiye tsohon yare don tarihi daban, fara sabon bincike da shi daban. Ɗalibin da ya kammala a bana da ilimin kayan aikin da aka daina kula da su tun yana sakandare, ranar da ya nemi digiri na biyu a waje, ko aiki daga gida ta intanet, sai ya koma farko. Sauƙin wata biyu ya jawo masa wahalar shekara.

Kuskuren da ba ya ihu

Sikirif ɗin da ya tsaya ya nuna jan rubutu ya yi wa mai shi alheri. A Python 2 ana rubuta print ba tare da baka ba, a Python 3 dole sai da baka. Wanda ya manta, nan take za a gaya masa layin da ya kuskure. Minti ɗaya ya isa gyara.

Abin tsoro shi ne sikirif ɗin da ya gama aiki lami lafiya da amsar da ta canza. A Python 2, in aka raba 7 gida 2, amsa 3 ce, domin yana zubar da ragowa idan duka lambobin cikakku ne. A Python 3 amsa 3.5 ce. Wanda ke lissafin matsakaicin yawan ɗaurin haidurojin tsakanin magani da furotin zai samu amsa biyu daga sikirif ɗaya, ya danganta da tafintan da ya karanta. Haka in aka ce a cike 2.5 zuwa cikakkiyar lamba: tsohon ya ce 3, sabon ya ce 2. A Chimera siffar farko da aka buɗe lambarta 0, a ChimeraX lambarta 1. Wanda ya kwafo umarni daga tsohon darasi bayan ya buɗe furotin da magani, yana iya shafa wa furotin launin da ya nufa da maganin, ko ya auna abin da ba shi ya yi niyya ba.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2019, masu bincike a Jami'ar Hawaii sun gano cewa wasu sikirif na Python da aka wallafa a mujallar Nature Protocols a 2014, waɗanda masana kemistiri ke amfani da su wajen tantance siffar sinadarai, na ba da amsa daban-daban a kwamfutoci daban-daban. A wasu an samu 173.2, a wata 172.4. Dalilin shi ne sikirif ɗin ya dogara da yadda kwamfuta ke jero fayiloli, kuma ba duka ke jero su iri ɗaya ba. Sun wallafa abin da suka gano a mujallar Organic Letters, aka kuma ƙiyasta cewa bincike sama da 100 na iya shafuwa. Wannan matsala ba daga sauyin Python 2 zuwa 3 ta taso ba, amma darasinta ɗaya ne: amsar sikirif na rataye da ƙasar da yake tsaye a kai. Shekara biyar kuskuren ya yi yana yawo a manyan ɗakunan bincike. Ina ga sikirif ɗin da ya ratsa filashi goma, ba a san wanda ya rubuta shi ba?

Aikin sassan jami'a

Ba wanda zai amince da ma'aunin ɗakin gwaji da ba a taɓa saita shi ba. Sikirif ma'auni ne, ya cancanci irin wannan kulawa. Abubuwa huɗu ba sa buƙatar kuɗin TETFund.

Kowane furojet ya rubuta sigar manhaja da sigar Python da aka yi aiki da su, ya kuma haɗa sikirif ɗin a ƙarshen kundin. Rubuta sunan PyMOL kawai ba tare da lamba ba daidai yake da rubuta sunan magani ba tare da adadin miligiram ba.

Kowane sashe ya samu ma'ajiya ɗaya a GitHub, inda gyararrun sikirif ke zama, kowa ya ɗauka daga can.

A sauko da sababbin manhajoji sau ɗaya a kan intanet ɗin makaranta, a zuba a filashi ɗaya na sashe, a riƙa sabunta shi kowane zango. Wannan ya kashe hujjar tsadar data. ChimeraX kyauta ce ga harkar karatu, PyMOL na da buɗaɗɗiyar siga ta kyauta, don haka ba dalilin neman fasasshiyar manhaja mai ɗauke da bairos.

A haɗa ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na kemistiri. Duk shekara ɗaliban kwamfuta na fita neman wurin SIWES, wasu su ƙare a shagon buga takardu, alhali a ginin da ke kallon nasu akwai sikirif da ke neman mai gyara.

Ƙofar da ta buɗe wa mai waya

Mayar da sikirif daga Python 2 zuwa 3 ba ya buƙatar digirin kemistiri. Yana buƙatar sanin Python, haƙuri, da ɗabi'ar gwadawa. Matashin da ya gama sakandare a Karaye, bai samu gurbin jami'a ba, yana da waya da ɗan data, zai iya farawa a daren yau.

Ya buɗe rcsb.org a Chrome, ya rubuta 2HBS, ya shiga wurin kallon siffar, ya juya ta da yatsa. Manhajar Mol* ce ke nuna ta a cikin burauza, ba sai an girka komai ba. Ya girka Pydroid 3 ko Termux don koyon Python 3 a wayar, ko da babu intanet. Idan aiki ya fi ƙarfin wayar, Google Colab na ba da aron kwamfuta kyauta ta burauza, kuma da py3Dmol ana iya nuna furotin a cikinsa da 'yan layuka. Masu son koyo cikin tsari akwai Arewa Data Science Academy da ke koyar da Python ga matasan Arewa ta intanet, akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023.

Tsarin gyaran shi ne haka. A fara sarrafa tsohon sikirif da tsohon yare a kan fayil da aka sani, a ajiye amsar. A gyara abin da ke ihu, irin su print. A bi duk alamar rabawa ɗaya bayan ɗaya, a tambayi mai binciken ko cikakkiyar lamba ya nufa ko mai ɗigo. A duba duk inda ake karanta fayiloli da yawa, a tabbatar an jera su da gangan. Sannan a sarrafa sabon, a kwatanta amsa da ta farko. In sun bambanta, aiki bai ƙare ba sai an gano wacce ce daidai, domin wani lokaci tsohuwar ce ke da kuskure. ChatGPT da 'yan uwansa na iya fassara sikirif cikin daƙiƙa, amma ba su san abin da mai binciken ya nufa ba. Kwatanta amsa aikin mutum ne.

Wurin gwaji na nan a buɗe. PyMOLWiki da ma'ajiyar Pymol-script-repo a GitHub na ɗauke da sikirif masu yawa da jama'a suka ba da gudummawa, kowa na iya karantawa, ya koyi salo, ya kuma tura gyara in ya ga ɓaraka. Gyaran da aka karɓa na zama a shafin mutum da sunansa, kowane mai ɗaukar aiki a duniya na iya dubawa. GitHub ba ya tambayar sakamakon JAMB.

Kuma aikin ba mai ƙarewa ba ne. Python na fitar da sabuwar siga duk Oktoba, kowace na samun kulawar shekara biyar. Siga ta 3.12 a 2023 ta cire distutils, wanda tsofaffin manhajoji da yawa ke girkuwa da shi. Siga ta 3.13 a 2024 ta cire 2to3, wato kayan aikin da aka tanada don taimaka wa masu ƙaura daga Python 2. NumPy 2.0 ya fito a Yuni 2024 da nasa sauye-sauyen. Tcl, yaren VMD, ya fitar da siga ta 9.0 a Satumba 2024, bayan kusan shekara goma sha biyu a kan 8.6. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na karya wani sikirif a wani wuri. Kamar yaɓen katangar ƙasa ne: wanda ya yi bana zai sake baɗi, wanda ya ƙi kuma damina za ta yi masa hukunci.

Masu gina manhajojin su ma da nasu nauyin. Fayil ɗin girkawa da ba ya buƙatar intanet a tsakiyar aiki, da sigar da ke hawa ƙaramar kwamfuta, da jadawalin da ke nuna tsohon umarni da madadinsa, su ne ke bambanta sabuntawar da ta tafi da kowa da wadda ta zubar da masu ƙaramin ƙarfi a hanya. Amma jiran su daga San Francisco ba dabara ba ce. Ɗalibar bayokemistiri da ta dawo hutu Yola da sikirif mai jan rubutu, da ƙaninta da ke koyon Python a waya a ƙofar gida, kowannensu na riƙe da rabin abin da ɗayan ke nema. Ta miƙa masa fayil ɗin da amsar da tsohon yare ya bayar, ya fara daga alamar rabawa ta farko.